Lubban Daga Kabarin Panyu

Ƙwaya uku masu kula da kayan tarihi suka ba mu, kowacce ba ta kai ƙwayar dawa ba. An same su a cikin wani ɗan kwanon tagulla, a wani tsohon kabari da masu haƙa harsashin bene suka ci karo da shi a Panyu, kudu da birnin Guangzhou. Mai kabarin ya kusa shekara dubu biyu a kwance. Ba a san sunansa ba. An dai san waɗanda suka binne shi sun ajiye masa ɗan ƙaro mai ƙamshi kusa da kansa, kuma malamata tana zargin lubban ne, wanda bishiyarsa ba ta fitowa a ƙasar Sin.

Ƙwaya ta farko tun kafin in zo aka ƙarar da ita a gwaji, aka tabbatar ƙaron itace ne. Saura biyu suna cikin kwalba a akwatin ƙarfe. Saboda su na bar Kano.

Sunana Yalwa. Na karanta ilimin tono kayan tarihi a Zariya, na fita da sakamakon da ya sa aka ba ni gurbin shekara ɗaya a hannun Farfesa Kuang, wata tsamurarriyar dattijuwa da ta ƙare rayuwarta tana bin sawun fataucin Rumawa. Kullum tana riƙe da gorar shayi, kuma ban taɓa jin ta yabi wani abu sau biyu ba. Izinin zamana zai ƙare ranar talatin da ɗaya ga Yuli, 2008. Don a ƙara mini shekara sai ta rubuta wasiƙa, ita kuma ta faɗa mini tun ranar farko ba ta rubuta wasiƙa sai akwai sakamako a kan tebur.

Tambayarmu ba ta da tsawo. Rumawa mutane ne masu son lubban. Suna ƙona shi a wuraren bautarsu da wajen jana'iza, likitocinsu suna sa shi a magani. Jiragensu kan tashi daga Masar, su bi Bahar Maliya, su saya a kudancin ƙasar Larabawa da gaɓar Afirka, wasu kuma su zarce har Indiya da kaya. To amma Indiya ma tana da tata bishiyar lubban. Idan na kabarin Panyu ɗan Indiya ne, tafiyarsa gajeriya ce, babu ruwansa da Rumawa. Idan daga Afirka yake, to ya hau hanyar da jiragen Rum ke bi, ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso kan wannan bawan Allah.

Farfesa ta ce na Indiya ne. Ni na ce na Afirka ne. Ban ce "wataƙila" ba, don a lokacin ban iya wannan kalmar ba.

Tana da lubban ɗin Indiya da na Larabawa da za a gwada da su, ba ta da na Afirka. Na ce ta bar wannan a hannuna. Gwaggona Barira a Fagge sana'arta turaren wuta, kuma shekara ashirin hannun mutum ɗaya take sayen lubban, wani mai kawowa daga Sudan ta Maiduguri.

Kawu Babayo ne ya kawo mini saƙon a watan Afrilu. Ɗan'uwan mahaifiyata ne, yana sarin tufafi yana kaiwa Kantin Kwari. Na same shi a kasuwar tufafi ta Shisanhang, tsaye a bakin wani shago da dilolin wanduna suka kusa kai rufi, masu tura kura suna ta ihu a ba su hanya. Yana nuna wa mai shagon wani wando yana cewa baƙi yake so, mai shagon yana girgiza kai yana "meiyou, meiyou", wato babu.

"Kullum babu," in ji Kawu. Ya juyo gare ni. "A'a, Farfesa. Ga saƙonki. Jakata duk ta ɗauki ƙamshi, a filin jirgi sai shinshina ni ake kamar amarya ce ta sauka."

Tun ina aji uku yake kirana Farfesa, kuma ba yabo ba ne.

Abu biyu ne a cikin ledar: ɗan ƙullin ɗanyen lubban fari, da wata ƙatuwar kwalba cike da turaren wuta.

"Kawu, ɗanye kawai na ce."

"Ki faɗa mata da bakinki. Ta ce ita ba ta aika wa 'yarta ɗanyen ƙaro tsurarsa kamar mai shirin dafa tawada. Ɗanyen na boko ne, haɗaɗɗen naki ne. Lubban ɗaya ne a cikinsu." Ya gyara hularsa. "Yanzu ke, don Allah, wannan mamacin da kike wa hidima, danginsa sun sani?"

"Ba shi nake wa hidima ba."

"To idan matattu suka sallame ki, rayayyu suna nemanki. Ki zo ki zauna mini a shago a Kwari, kina yi mini waya da laoban-laoban ɗin nan masu shaguna, tunda kin fara jin yarensu. Kujera mai juyawa zan saya miki."

"Ban haye teku don in ninke wanduna ba, Kawu."

"Wandunan nan su suka saya miki takalmin makaranta." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Kwalbar Gwaggo ta zo a kan gaɓa. A wannan lokaci na shekara bangon ɗaki a Guangzhou gumi yake yi. Ka shanya riga kwana uku ba ta bushe ba, idan ta bushe kuma sai ta riƙa warin rima. Ni ba a haife ni in fita da warin rima ba. Na sayi ɗan kaskon lantarki, na kifa kwandon wanki a kansa ya zama kabbasa, kowace safiya in turara kayan da zan sa. A jirgin ƙasa 'yan mata sukan matso kusa da ni suna tambayar wane turare ne. Nakan ce na gidanmu ne, ba a sayarwa.

Wata uku na yi ina koyon na'urar. Ana sa abu a 'yar kwalba a rufe, na'urar ta dumama shi, ta zuƙi tururin, sannan ta zana layi mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Kowane sinadari yana da mintin da tsininsa ke fitowa. Na gwada na Indiya, na gwada na Larabawa, na gwada na Gwaggo, kowanne sau goma sha. Na Gwaggo yana da wani dogon tsini a minti na sha tara wanda sauran biyun ba su da shi. Shi ne shaidar Afirka.

Ranar takwas ga Yuli Farfesa ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ba ni ƙwaya ta biyu. Na sa safar hannu, na ɗauke ta da matsefata, na rufe kwalba. Bayan la'asar layin ya fara fitowa. A minti na sha tara tsini ya miƙe.

Farfesa ta daɗe tana kallo. Ta kurɓi shayi.

"Tsayinsa ya ba ni mamaki," ta ce. "Abu mai shekara dubu biyu ya kamata ya fi haka gajiya. Amma ga shi nan. Gobe zan rubuta wasiƙarki."

Kafin in sauka daga benen na kira Kawu, wanda ya sake shigowa gari sari. Na ce ya nemi wata ya ba ta kujerar mai juyawa.

Akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani. Duk ranar da ka shirya kwalbar gwaji, sai ka shirya wata a gefenta wadda ba ka sa komai a ciki ba, ka taɓa ta yadda ka taɓa waccan, ka rufe. Idan na'ura ta zana layi miƙaƙƙe a kanta, aikinka tsaf yake. Na shirya tawa, amma murna ta hana ni saka ta a ranar. Washegari da safe na saka ta don cika ƙa'ida, ina cin biskit.

A minti na sha tara tsini ya miƙe a kan kwalbar da babu komai a ciki.

Ni kaɗai ce a ɗakin. Ba zan ce ban kalli maɓallin gogewa ba. Na kalle shi har biskit ɗin ya jiƙe a hannuna. Tsoron Allah yana nan, amma gaskiya akwai wani abu kuma: idan na goge, duniya za ta yarda lubban ɗin na Afirka ne, ni kuwa ba zan taɓa sanin ko haka ne ba. Kuma ina son in sani. Na buga takardar, na kai mata ofis.

Ta karanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta taso, ta kama gefen mayafina ta kai hancinta.

"Kullum kafin in ɗaga kai nakan san ke ce kika shigo," ta ce. "Ya kamata tuni in yi tunani. Me ke cikin wannan?"

Na lissafa mata: itacen sandal, hawi, sukari, turaruka. Sannan na tsaya, don na ji muryar Kawu a kunnena yana cewa lubban ɗaya ne a cikinsu.

Wata uku ina shiga ɗakin gwaji da hayaƙin lubban ɗin Sudan a jikina. Ƙwayar da ta jira shekara dubu biyu, ni na ɓata ta da ƙamshin Fagge.

"Saura ɗaya," in ji Farfesa. "Ba za a ba mu wata ba. Aikin ƙwaya yini guda yake ɗauka, don haka daga yau za ki shirya kwalbar banza biyu kullum, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Idan na ga kwana uku a jere duk sun fito tsaf, zan buɗe akwati. Idan ban gani ba, ƙwayar za ta jira wani ɗalibin."

"Wasiƙar fa?"

"Wasiƙa tana bin sakamako."

Ɗakina a makaranta ba ya shiguwa, labule da katifa duk sun sha hayaƙi. Kawu ya haɗa ni da Hajiya Ajara, wata 'yar zangon Kumasi da ke yi masa lodin kaya a kwantena. Gidanta a Panyu yake, hawa na tara, rabinsa kwalaye ne da salatif. Tana da asma, ko turaren jiki ba ya shiga gidan.

"Ki kwana nan," ta ce, ta nuna mini katifa tsakanin kwalayen fankoki. "Amma ki faɗa mini gaskiya, 'yata. Duk wannan wahala saboda ƙwaya ɗaya? Ni ina da kwali arba'in na tayil da suka maƙale a tashar ruwa, ban tsefe kaina ba."

Ita ta tsefe mini kitson da aka yi mini tun a Kano nake ta gyarawa. Ta wanke mini kai sau uku da sabulun da ba shi da ƙamshi. Kawu ya kai ni Shisanhang na zaɓi dogayen riguna biyu da hijabi biyu, sababbi a leda, irin waɗanda a Kano ko 'yar aike ba zan bai wa ba. Ya bi ni da kallo lokacin da na fito daga bayan labule.

"Farfesa, warin asibiti kike yi."

"Shi nake nema."

"Idan Barira ta ji an wanke mata turare da sabulun wanki, sai ta yi wata ba ta gaishe ki ba."

"Kada ka faɗa mata."

"Ni da zan koma jibi? Kwana goma sha biyar kawai suka buga mini a fasfo wannan karon. Saboda wasannin Olamfik ɗin nan kowa sai an ƙirga masa kwana. Kujerar dai ban bayar ba tukuna."

Na naɗe tsofaffin kayana na tura a leda.

Kowace safiya nakan tashi daga Panyu, in tsaya a jirgin ƙasa kusan awa guda cikin zafin Yuli. Babu wanda ya ƙara tambayata wane turare ne. Nakan ji kamar na fito ba ɗankwali. A ƙofar ɗakin gwaji in cire takalmi, in sa farar riga sabuwa, in wanke hannu har gwiwa, in shirya kwalba.

Ta safe ta fara fitowa tsaf tun rana ta biyu. Ta yamma kuwa, a minti na sha tara, ga ɗan tsini. Bai kai na farko ba, amma yana nan.

Na ɗauki abin kamar bincike, don in ba haka ba kuka zan yi. Na zana jadawali a sabon littafi, na rubuta duk abin da na taɓa tsakanin safe da yamma. Na zargi abinci, na daina zuwa shagon taliyar Musulmin arewacin ƙasar da nake cin rana, na koma burodi da ruwa. Tsini yana nan. Na zargi wayata, na bar ta a gida. Na zargi tsohon littafina, na ƙulle shi a leda biyu na kai wani bene. Na zargi zoben azurfar da ke hannuna, na dafa shi a ruwan zafi. Na zargi na'urar kanta, ko zafin yamma ne ke tayar da wani abu a cikinta, na roƙi Farfesa ta shirya kwalba da hannunta da ƙarfe uku. Tata ta fito miƙaƙƙiya kamar zare. Ta ajiye takardar a gefen tawa ta fita.

Kwana goma haka. Hannuwana suka fara tsagewa saboda sabulu. Hajiya Ajara takan zuba mini shinkafa da wake ta zauna tana kallona.

"Wannan tsini naki, ba aljani ba ne?"

"Aljani ba ya fitowa a minti na sha tara daidai, Hajiya."

"Na Kumasi suna da agogo," ta ce.

Ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, ta safe ta fito tsaf, ta yamma ma ta fito tsaf. Talata haka. Laraba haka. Farfesa ta jera takardu shida a tebur, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ciro makullin akwati daga aljihunta.

"Gobe," ta ce.

Na ce a'a.

Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ban canja komai ba ranar Litinin," na ce. "Na duba jadawalin sau biyar. Abin da na yi ranar Juma'a shi na yi ranar Litinin. Ya tafi da kansa. Abin da ya tafi da kansa zai iya dawowa da kansa, kuma ban san ranar ba."

"Kin san saura kwana takwas?"

"Na sani."

"Na ce kwana uku, kin kawo kwana uku. Babu wanda zai zarge ki."

"Ni zan zargi kaina. Ƙwaya ɗaya na riga na kashe."

Ta mayar da makullin aljihu. "Taurin kanki ya fi iliminki yawa," ta ce. Ban san ko zagi ne ba, ban kuma tambaya ba.

Alhamis ma duk biyun suka fito tsaf. Kwana huɗu ke nan, kuma ban ƙara sanin komai ba. A jirgin komawa Panyu na ga kaina a shagon Kwari, a kan kujera mai juyawa, ina gaya wa masu sari cewa na taɓa samun dama na ƙi karɓa. Na yi tunanin da safe in je in ce mata na janye.

Da safen Juma'a na yi wanka, don kwanakin da nake fashin salla sun ƙare. Na shirya kwalbar safe. Da azahar ta yi na je bayi na yi alwala, na wuce ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarshen baranda inda nake salla tun zuwana. Dardumata tana nan a naɗe a kan kanta, inda na bar ta tun Juma'ar da ta wuce. Na shimfiɗa, na yi salla, na koma na shirya kwalbar yamma.

Tsini ya dawo.

Na daɗe ina kallonsa kafin in miƙe in koma ɗakin ajiyar. Na ɗauko dardumar na kai hancina. Ita ce wadda na zo da ita daga gida, ta yi shekaru a ɗakin mahaifiyata inda kasko ba ya mutuwa, kuma a nan ma sau da yawa nakan ɗora ta a kan kwandon bayan na gama turara kaya. Ban sa ta a jadawali ba. Na rubuta burodi, na rubuta zobe, na rubuta marfin biro, ban rubuta salla ba, don ban taɓa ɗaukarta abin da ke ɓata mutum ba. Alwala kafin salla ake yi. Nakan wanke hannu da fuska, sannan in ɗora tafin hannu da goshi da hannun riga a kan dardumar, raka'a huɗu, in tashi ina jin babu lokacin da na fi tsarki a yinin. Da waɗannan yatsun nake ɗaukar safar hannu in saka.

Sai na ji dariya ta kama ni, ni kaɗai a cikin ɗakin tsintsiya.

Na kai wa Farfesa takardar da dardumar a cikin leda. Na yi mata bayanin alwala, da abin da ya sa kwana huɗu ban je ɗakin ajiya ba. Ta saurara da kyau, har ta tambaye ni sau nawa goshi ke taɓa ƙasa a kowace salla, ta rubuta a gefen takarda.

"Da gobe ko jibi muka buɗe," ta ce a hankali, ba ta ƙarasa ba. "Za ki daina sallar ne zuwa ƙarshen wata?"

"A'a. Darduma zan canja."

"Kwana uku a jere, daga gobe."

"Farfesa, ai yanzu mun san dalili."

"Muna zaton mun sani. Asabar, Lahadi, Litinin. Ni ma zan zo."

Hajiya Ajara ta yanka mini sabon kwali daga na fankoki, ta liƙe gefensa da salatif don kada ya yanke ni. A kansa na yi azahar da la'asar na kwana uku, goshina a kan hoton fanka. Bayan kowace salla in sake wanke hannu da fuska, in canja farar riga. Farfesa ta zo ranar Lahadi da gorar shayinta, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana gyaran wata maƙala. Takardu shida suka fito, duk miƙaƙƙu.

Talata, ashirin da tara ga wata, ta buɗe akwati. Ƙwaya ta ƙarshe ta fi sauran ƙanƙanta, launinta kamar na tsohon haƙori. Na ɗauke ta da matsefata, na rufe kwalba. Na saka kwalbar banza tukuna, ta fito tsaf. Sannan na saka ƙwayar.

Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Layin ya yi ta tafiya a kwance, don sinadarai marasa nauyi sun gudu tun ƙarni nawa. Minti na sha bakwai, sha takwas. Sha tara ya zo ya wuce, babu komai. Can gaba sai ƙananan tsini suka fara fitowa, gajeru, gajiyayyu, irin waɗanda lubban na gaske ne kawai ke da su. Na ɗauko takardun gwajin da na yi wata uku ina tarawa, na ɗora ta Indiya a kai a jikin taga. Ba su hau juna ba. Na ɗora ta Larabawa. Biyar daga cikin shida suka zauna daidai.

"Ba na Afirka ba ne," na ce. Ni na fara faɗa, don kada ta riga ni.

"Ba na Indiya ba ne kuma," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ina faɗa a taro cewa na Indiya ne." Ta karɓi takardun ta sake ɗagawa a hasken taga. "Ƙwaya ɗaya ce, kuma na shida bai hau ba. Za ki rubuta 'ya fi kama da', ba za ki rubuta 'shi ne' ba."

"Amma ya bi Bahar Maliya."

"Ko ya bi, ko bai bi ba. Daga kudancin Larabawa ana iya miƙewa Indiya kai tsaye. Wa ya ɗauke shi, jirgin Rum ko na Balarabe ko na Ba'indiye? A wace tasha aka sauke? Wannan na'urar ba za ta faɗa miki ba."

"Me zai faɗa mini?"

"Matuƙan jiragen sun bar rubutu, wane kaya ake saya a wace tasha, a wane wata ake tashi. Akwai rasiɗai a kan fasassun tukwane da aka tono a gaɓar Masar." Ta zauna, ta jawo takarda mai tambarin sashe, ta fara rubutu da hannu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin iya Girkanci?"

"A'a."

"To da me za ki karanta su?"

Ta sa hannu, ta buga hatimi ja, ta hura shi ya bushe, ta miƙo mini.

"Ki kai wannan ofishin shige da fice gobe da sassafe, layi yana da tsawo kwanakin nan. Litinin ƙarfe takwas ki same ni a nan, za mu fara da baƙaƙe."

Na ce mata bakwai da rabi zan zo.